Kawu Mai Sa Barci da Ɗiyar Damana

Da muka dawo daga maƙabarta, kafin a gama shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wani mahauci na bakin kasuwar Filinge ya riga kowa zama. Ya ɗage rigarsa ya nuna wa mutane dogon tabon da ke cikinsa, ya ce, "Kun ga wanga? Shi ya kwantar da ni, shi ya tashe ni. Yau ga shi mun kwantar da shi, ba mai iya tashe shi sai Allah." Ya saki rigar ya rufe fuska da tafin hannu. Liman ya dafa shi ya ce ya yi salati.

Haka aka yini. 'Yan kasuwa suka rufe rumfunansu suka zo, manoma suka zo daga ƙauyukan Kurfai, wata tsohuwa ta hawo amalanke tun daga Bonkuku don kawai ta ce shekara ashirin da suka wuce shi ya riƙe mata kai aka ciro mata ɗa. Zabarmawa suna yi mana ta'aziyya da harshensu, suna cewa "Fonda tilas," muna amsawa. Da azahar motoci biyu suka tsaya daga Yamai, cike da likitocin da suka taɓa koyo a hannunsa. Ɗaya daga cikinsu, babban mutum yanzu, ya tsaya a tsakiyar jama'a yana kuka kamar an mare shi.

Ni ina zaune kusa da liman, don ni ne namijin gidan. Kawu bai haihu ba. Ni ɗan yayarsa ne, a hannunsa na tashi tun ina shekara bakwai da mahaifina ya rasu. Duk wanda ya zo sai ya ba ni hannu ya ce, "Sannu da haƙuri, Allah shi jiƙan shi." Kafin in gama amsawa sai ya ɗan waiga ya ce, "Ina ɗiyar tashi?" Sai a nuna masa cikin gida. Tun ina amsa tambayar nan har na bar wa na kusa da ni suna amsawa.

Ɗiyar da suke nufi ba jininmu ba ce. Likita ce 'yar garin Damana, abokiyar karatuna. Ina rubuta wannan don kada a manta da Kawu, amma na gwada sau uku in ba da labarinsa in tsallake ta, labarin ya ƙi tsayawa. Don haka zan faɗa da ita a ciki, da abin da ke raina game da ita, ko da bai yi mini kyau ba.

Kawu ba likita ba ne. Malamin asibiti ne da ya yi karatun sa barci, kowa yana ce masa Majo, yadda ake kiran babban malamin asibiti a wajenmu. Sama da shekara talatin yana tsaye wajen kan majiyyata a bulok, wato ɗakin da ake yi wa mutane aiki. Siriri ne, ba ya ɗaura agogo, ba ya sa zobe, faratansa kullum a yanke har sai an ga nama. In yana asibiti ba ya ba kowa hannu. A gari irin namu, inda ake riƙe hannun mutum har a gama tambayar gida da gona da dabbobi, wannan ya ja masa suna. Wasu suka ce girman kai ne. Wata rana wani babban ma'aikaci ya kawo ziyara ya miƙa masa hannu a gaban jama'a, Kawu ya dafa ƙirji ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga hannu yanzu ya hito daga bakin mutum. In ka biyo gida da marece sai in ba ka shi a wanke." Mutumin ya yi dariya, kuma ya biyo.

In za a yi wa mutum aiki, mai yanka yana tambayar inda ke ciwo. Kawu kuwa sai ya ja kujera ya zauna. "Wa ke tari a gidanku? Tun yaushe? Kana shan madara ɗanya? Awakinka sun yi ɓari bana? Wuyanka na sanƙarewa?" Wani makiyayi ya taɓa ce masa, "Majo, aiki za a yi mini ko aure za ka ba ni?" Kawu ya ce duka biyun sai an yi bincike. Daga irin tambayoyin nan yake gane wanda za a bari na ƙarshe a jeri saboda tarin fuka, da wanda ba za a soka wa allura a baya ba saboda zazzaɓi, da wanda za a canja duk robobin numfashi bayansa.

Yakan ce mai yanka ƙofa ɗaya yake buɗewa a jikin mutum, mu masu sa barci uku muke buɗewa, ta jijiya da ta maƙogwaro da ta baya, kuma ba wanda ke kallon tamu. Shi ya sa duk ranar Alhamis bayan la'asar yake tara likitocin da aka turo istaj, wato koyon aiki, daga Yamai, a ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan bulok, ya koya musu yadda cuta ke bin hannun mai sa barci ta shiga jikin wanda ya zo neman lafiya. Ba shi aka ɗora wa wannan darasi ba. Shi ya ɗora wa kansa, manyan can kuma da suka ga waɗanda suka ratsa ta hannunsa sun bambanta, suka ci gaba da turowa.

Da na gama karatun likita na zaɓi sa barci saboda shi, ko da yake ban taɓa gaya masa ba. A shekara ta biyu aka turo mu wata shida wurinsa, ni da ɗiyar Damana. Na zo da murna. Ina ganin gida na dawo, kuma yau Kawu zai ga abin da ya rena.

Ranar farko a bulok na ce, "Kawu, ina za a ajiye wannan?" Bai ɗago ba ya ce, "Kawu shina gida. Nan Majo ne." Ma'aikata suka yi murmushi a bayan takunkumi. Ita kuwa ta durƙusa ta gaishe shi da Hausarta mai gishirin Zabarmanci, ya tambaye ta garinsu, ya tambayi geron mahaifinta. Ba a yi kwana goma ba na ji ya ce, "Ɗiyata, miƙo mini auduga." Ni da ya goya a kan moto zuwa lakwal, makarantar boko, "likita" yake ce mini, ita ce ɗiya.

A Alhamis ta uku ya zo da garin bula, irin wanda mata ke sa wa fararen kaya, a ƙulle cikin leda. Ya kwantar da mutum-mutumin roba a kan tebur ya barbaɗa masa bula a baki. Ya ce kowa ya sa safar hannu ya yi yadda zai yi in majiyyaci ne: ya buɗe maƙogwaro, ya zura roba, ya haɗa inji, ya ba da magani ta jijiya. Ni na fara. Na yi da sauri, hannuna bai yi gardama ba, har ina jin daɗin kaina. Da na gama Kawu ya ɗauki sanda yana nunawa. Shuɗi a kan inji, shuɗi a kan alƙalami, shuɗi a goshina, shuɗi a bakin robar ƙarin ruwa, daidai inda magani ke shiga jini. Ya ce, "Da miyau ne da ba ka gan shi ba, amma shina nan."

Ita ta sa safa biyu, ɗaya bisa ɗaya. Tana gama taɓa baki ta tuɓe ta saman ta jefar, ta goge bakin robar da alkol, ta tsaya tana ƙirga a zuci har ya bushe. Ta fi ni daɗewa ƙwarai. Kawu ya zagaya teburin sau biyu da sandarsa, ya sami ɗigo ɗaya a gefen tire. Ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce ba kowa, ta ga yadda tawa ta kasance ne. Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Ni ma na yi dariya, don ana kallona. Da na koma ɗaki na daɗe ina goge goshina.

Daga nan komai nata ya zama ƙaya a gare ni. Matar Kawu, da nake kira Iya, takan aiko masa da kwanon abinci da rana. Tun ina yaro ni ke cin saura. Yanzu sai ya raba biyu ya tura mata. In ta je Damana ta dawo sai ta kawo masa kopto, kwaɗon ganyen zogale, daga wajen mahaifiyarta, ya ci yana yabon hannun tsohuwar. Ita ba ta taɓa yi mini komai ba. "Yaya" take ce mini, ta riƙe mini ƙofa, ta ba ni aron littafi. Da ta yi mini rashin kunya ko sau ɗaya da na samu inda zan rataya abin da nake ji.

A wata na huɗu, wata ranar Litinin da hantsi, ambilans ta kawo wata mata daga Imanan. Naƙuda ta tsaya mata, ruwa ya fashe tun jiya, sai an yi aiki. Kawu yana ɗaki na biyu wajen wani dattijo da ya karye a cinya. Ya leƙo ya ce, "Likita, kai ne a kai yau. Ita ta taimake ka." Ranar ce karon farko da aka ɗora ni bisa kanta.

Dokar Kawu ita ce antibiyotik ya shiga jini kafin wuƙa ta taɓa fata, don cuta ta tarar da shi yana jira. Na san dokar kamar sunana. Na yi wa matar allurar baya, ta shiga da bugu ɗaya, ina kwantar da ita sai ɗiyar Damana ta matso da maganin a hannu, ta riga ta haɗa shi. Ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Yaya, antibiyotik."

Na ce, "Ajiye. Ni ke kai yau."

Ta ajiye. Niyyata in ɗauka da kaina bayan minti ɗaya, don kada ya zama ita ta tuna mini. Sai jinin matar ya faɗi, na shiga ɗaga shi. Aka yanka, aka ciro ɗiya mace, aka shiga fama da zubar jini. Sau ɗaya na ga ta kalli tiren ta kalle ni, na kau da kai. Ban ba da maganin ba sai da ana ɗinke fata. Ita ke riƙe da takardar barci, ta rubuta lokacin yadda yake.

Bayan kwana uku matar ta kama zazzaɓi. Ɗinkin ya kumbura, ya fashe, yana fitar da mugunya. Kawu kuwa ba takardar da ba ya karantawa. Ya kira mu ofishinsa ya ɗora yatsa a kan layin da aka rubuta lokacin maganin. Ya dube ta ya ce, "Kin gaya mashi?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Majo, ni ma ina ɗakin."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

Ya ce mu tafi.

Bai yi mini faɗa a asibiti ba. Sai da marece a gida, muna tsakar gida, mahaifiyata Inna ta zo wajen Iya suna tsince wake. Ya kira ni ya tayar da maganar. Na riga na shirya amsa. Na ce a da ai bayan an yanke cibiya ake ba da maganin, kuma matar da ruwanta ya fashe tun jiya tana iya kamuwa ko an ba ta a kan lokaci, ba wanda zai rantse jinkirina ne ya jawo.

Ya ce, "Gaskiyarka. Ba ni da shaida, kuma ba ni neman ta. Abu guda ni ke tambaya. Da ni na ce maka antibiyotik, da ka ba ta?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Da mai shara ya ce maka, da ka ba ta. Don ita ta hwaɗi ka ƙi. Ka sa cikin matar mutane tsakaninka da abokiyar karatunka."

Inna ta ajiye faifai ta ce, "Haba ƙanena. Kai ma ka ɗauki ɗiyar wasu ka ɗora bisa kan ɗanka, mi kake so shi yi? Duk gari na magana."

Ya ce, "Yaya, wadda ke kwance can da ciki a buɗe, ita ma ɗiyar wata ce."

Da na ji Inna ta goya mini baya sai bakina ya buɗe. Na ce, "Kai dai majo ne. Ni likita ne, na san abin da nake yi." Har yau ina jin ƙarar maganar a kunnena. Iya ta saki wake ya watse. Inna, wadda yanzu ta gama kare ni, ta nuna mini ƙofa ta ce, "Tashi ka ba mu wuri, ɗan banza." Kawu ya miƙe. Ya ɗauki buta ya tafi alwala.

Washegari ya ce daga yau ni zan riƙa wanke ciwon matar, kowace safiya, har ya rufe. Ba aikin mai sa barci ba ne, amma ba wanda ya yi masa musu. Mako biyar na yi. Ina buɗe bandeji tana cije bakin zani don kada ta yi ƙara. Nononta ya ƙafe, ƙanwar mijinta ce ta shayar da jaririyar. Mijin, makiyayi ne dogo mai yawan shiru, ya ɗauka a duk asibitin ba wanda ya kai ni tausayi, tunda likita guda ya ajiye girmansa yana wanke ƙazanta. Kullum sai ya bi ni da addu'a har bakin ƙofa. Ranar da aka sallame su ya kawo mini ƙwan zabi a ƙwarya. Kawu yana tsaye yana kallo na karɓa, bai tona ni ba. Na kai wa Iya ƙwan, ban iya ci ba.

Da wata shida suka cika ya sa hannu a takardar ɗiyar Damana, ta koma Yamai. Tawa ya mayar aljihun tebur ya ce sai na ƙara wata uku. Inna ta yi mako biyu ba ta shiga gidansa ba.

A cikin watannin nan uku ne allura ta soke ni. Ina cire ta daga hannun wani majiyyaci ya zabura, ta shige mini yatsa ta cikin safa. Mun riga mun san yana da sida, wato cutar ƙanjamau. Na tsaya ina kallon ɗigon jinin, kaina ya ɗauke. Kawu ya bar abin da yake yi ya kama wuyan hannuna ya ja ni bakin famfo. Ya wanke da sabuni, ya ce kada in matsa, ya tsoma yatsan cikin ruwan jabel mai kashe cuta da aka sirka, yana riƙe da ni yana kallon agogon bango har minti biyar suka cika. Ya ce, "Yaro, dube ni. Ba abin da za shi same ka da yardar Allah." Rabon da ya ce mini yaro tun ina lakwal.

Kafin awa guda ya sa an ba ni maganin kariya. Wata guda ake sha, kuma yana tayar da zuciya ƙwarai. Kowace safiya sai ya tsaya a ƙofar ɗakina har ya ga na haɗiye, ya sa Iya ta dama mini kunun tsamiya, ya ce mata shawara ce ke damuna. Ko Inna bai gaya wa ba. Da sakamakon ƙarshe ya fito lafiya lau, ya karanta sau biyu ya ce alhamdulillahi, ya ɗauki hauya ya tafi gonarsa. Iya ta ce mini daga baya ya yi azumi uku.

Na ɗauka na dawo da Kawuna. Sai ranar Juma'a wayarsa ta yi ƙara muna cin abinci, ya duba, fuskarsa ta washe. "Ɗiyata! Ina Yamai?" Ya tashi ya koma gindin bango suna hira yana ƙyalƙyala dariya. Ni ya riƙe wa hannu a bakin famfo, amma irin dariyar nan ban taɓa samu ba. Na ture kwanon na fita.

Shekaru suka wuce. Ni na zauna Yamai a babban asibiti, na yi aure, Allah ya ba ni 'ya'ya mata biyu. Ita da ta gama ta roƙa a mayar da ita asibitinmu na Filinge, ta yi aure a can, kuma da Kawu ya yi ritaya ita ta gaji darasin Alhamis. Shi ya koma noman geronsa, amma duk Alhamis sai ya zo da kujerarsa ya zauna a gefe, in ta yi kuskure ya yi gyaran murya. Duk wanda ya dawo daga istaj sai ya ba ni labarinsu su biyu, ina cewa madalla. Ni ma ina koyar da nawa ɗaliban, da dokokinsa nake koyarwa, ba na ragewa. Bai taɓa zuwa ya gani ba, ni kuma ban taɓa gayyatarsa ba.

Bara cikinsa ya fara ciwo, ya rame. Na kawo shi Yamai, aka ga ƙari a hanji, aka sa ranar aiki a asibitin da nake. Na shirya komai da kaina, na zaɓi ɗaki, na duba inji sau biyu. Ana saura kwana biyu na zauna bakin gadonsa ina gaya masa yadda zan yi. Ya saurara har na gama, ya ce, "Kira mini ɗiyata. Ita za ta sa ni barci."

Na ce, "Kawu, ni ne a nan. Wurin aikina ne."

"Na sani."

"To mi ya sa?"

"Kai ka zauna waje da Innarka da Iyarka."

Duk abokan aikina sun ce mini daidai ne, likita ba ya sa jininsa barci, ni ma haka nake gaya wa ɗalibai. Amma shi bai faɗi haka ba. Da ya ce hannunka zai yi rawa don kai ɗana ne, da na kwana da farin ciki. Bai ce ba, ni kuma ban sake tambaya ba. Ta hawo mota ta zo, na sa hannu a takardar da ta ba ta izinin shiga ɗakin da na shirya, na zauna a benci tsakanin tsofaffi biyu awa huɗu ina ja musu carbi.

Aikin ya yi kyau, ɗinkin ya warke tsaf. Ciwon ne ya riga ya bazu. Ya koma gida ya ga an girbe geronsa an ɗaure dammuna, ya yi wata takwas. Ranar Talata da hantsi ya cika a ɗakin Iya. Ina kan hanya, na wuce Baleyara kaɗan aka kira ni. Ita tana wurin.

Ranar sadakar bakwai, da jama'a suka ragu, aka ce mini tana zaure tana son magana da ni. Na tarar da ita zaune a ƙasa, idanunta sun kumbura. Muka gaisa. Kafin ta faɗi abin da ya kawo ta na yi mata tambayar da na riƙe tun bara. Na ce, "Ranar aikin, kafin barci ya ɗauke shi, mi ya ce?"

Na san abin da nake so in ji, ita ma ina jin ta sani. Da ta so ta yi mini ƙarya da na karɓa hannu biyu.

Ta ce, "Ya tambaye ni ko an canja robar numfashi bayan na gabanshi. Na ce an canja. Ya ce to, bismilla. Shi ke nan, Yaya."

Na ce haka ne, shi ne.

Sai ta gyara zama ta ce, "Yaya, wata alfarma na zo roƙo. Ina da ciki, wata shida. An duba, namiji ne. Ni da maigidana muna so mu sa mashi sunan Majo. Na gaya wa Iya ta ce ba ita ke da magana ba, kai ne babba a gidan yanzu. In ba ka so, wallahi ba mu sawa."

Na tuna 'yan matana biyu, na tuna tun ranar aurena nake ajiyar sunan nan. Ga shi yau abu guda ya faɗo hannuna wanda zan iya hana ta, kuma ba wanda zai ga laifina. Ta zauna tana jira. Na ji ana kiran la'asar a masallacin kasuwa har aka gama.

Na ce, "Ku sa. Allah shi raya shi, shi yi halin mai sunan."

Ta fashe da kuka. Na tashi na fita don kada ta ga fuskata, saboda abin da ke kanta ba alheri ba ne zalla.

An haifi yaron wata uku da suka wuce. Na je Damana suna, ni na riƙe ragon aka yanka. Da liman ya ɗaga murya ya faɗi sunan, mata suka yi guɗa a cikin gida, na ji kishin nan ya motsa a inda ya saba, bai ragu ba. Na ce amin tare da kowa.

Allah ka jiƙan Kawu, ka sa barcinsa ya zama hutu, ka tashe shi cikin waɗanda ka yarda da su. Ka ba Iya da Inna haƙuri. Ni kuma ka yaye mini abin da shi bai samu ya yaye mini ba.